Babi na Bakwai: Jitar da Ta Biyo ta Sakkwato

A shekarar 2008 wani saurayi Ba'abzine mai suna Mahamadou Souleymane ya tsallako iyaka daga Jamhuriyar Nijar ya shigo Sakkwato don ya ɗauki waƙoƙinsa a situdiyo. A lokacin, in ka cire 'yan garinsu da waɗanda suka taɓa ganinsa yana kiɗa a gidan biki, babu wanda ya san da zamansa. Yau sunan da ake kiransa da shi, Mdou Moctar, ya zama sunan ƙungiyar mutum huɗu da ke cika zaurukan kiɗa a Amurka da Turai, kuma mujallun can suna sa shi cikin gwanayen jita na wannan zamani. Masu sharhinsu in sun rasa abin da za su kwatanta zafin kiɗan da shi, sai su jingina shi da pank, wato kiɗan rok ɗin nan mai gudu da hargowa na matasan da ransu ya ɓaci. Na ware wa wannan ƙungiya babi guda saboda ita ce mafi kusa da mu a cikin masu irin wannan kiɗa, kuma saboda faifan da ya fara fito da jagoranta a ƙasarmu aka yi shi, da kayan aikinmu, da salon masu haɗa mana waƙoƙin fim. Duk da haka mu ne muka fi kowa rashin sanin labarin.

Shi pank a tsakiyar shekarun 1970 ya ɓullo, a birnin New York da kuma Landan. Kiɗan rok a lokacin ya zama harkar manyan kuɗi: manyan filaye, kayan sauti na miliyoyi, waƙa ɗaya ta yi minti goma sha. Sai wasu samari, da yawansu babu aikin yi, suka ce su ma za su yi, ko da ba su ƙware ba. Faifan farko na ƙungiyar Ramones, wanda ya fito a 1976, waƙa 14 ne a cikinsa, kuma gaba ɗaya bai cika rabin awa ba. A Ingila Sex Pistols da The Clash suka zuba fushin marasa galihu a cikin abin. Reshen da ya fi shafar labarinmu shi ne na birnin Washington, inda Bad Brains, samari huɗu baƙar fata, suka ƙara wa kiɗan gudu har ya zama sai mai ƙarfin hannu, inda kuma Ian MacKaye da Jeff Nelson suka kafa ɗan kamfanin faifai na Dischord a 1980, suna yanka kwalin faifan suna manna shi da hannunsu. Ƙungiyar Fugazi da MacKaye ya shiga daga baya ta yi suna wajen tsayar da kuɗin shiga wasanta a kan dala 5. Aƙidar duka guda ce: kada ka jira kamfani, kada ka jira izinin wani babba, ka ɗauki abin da ke hannunka ka fara.

Mdou bai san ko ɗaya daga cikin waɗannan mutane ba sa'ad da ya fara. An haife shi a tsakiyar shekarun 1980 a jihar Tawa, ya yi wani ɓangare na ƙuruciyarsa a Arlit, garin da kamfanin Faransa ya fara haƙar yuraniyom a farkon shekarun 1970. Gidansu gidan addini ne, ba su ɗauki kiɗa sana'ar ɗan mutunci ba. Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Alhaji Mamman Shata, wanda aka haifa a Musawa a 1923, da irin wannan turjiya ya fara, domin mahaifinsa yana ganin waƙa roƙo ce, ɗan gidansu kuwa ba ya roƙo. Abin da ya ja Mdou shi ne ganin Abdallah Oumbadougou yana kaɗa jita a bainar jama'a. Tun daga ranar hankalinsa ya tafi. Da yake ba shi da halin saye, sai ya samo katako ya sassaƙa, ya warware wayar birkin keke ya ɗaure a matsayin tsirkiya, ya riƙa koyo a ɓoye. Duk wanda ya taɓa duba kuntigi irin na Ɗanmaraya Jos da kyau, ya ga gwangwanin kifi da aka rufe da fata, ya san cewa rashin kuɗi bai taɓa hana mai son kiɗa a wannan yanki ƙera abin kiɗansa ba. Ga shi kuma bahago ne, jitar bahago kuwa ba kasafai ake samunta a Nijar ba, sai dai mutum ya juya ta dama.

Jitar Abzinawa tana da tarihinta, kuma wani gefen tarihin a ƙofar gidajenmu ya wakana. Farin da aka yi a 1973 zuwa 1974, da wanda ya biyo baya a 1984, ya karkashe dabbobi ya tarwatsa iyalai. Waɗanda suka yo kudu su ne Buzayen da muka saba gani suna gadi a Katsina da Kano, da butar shayinsu a kan garwashi. Waɗanda suka yi arewa suka faɗa Aljeriya da Libiya neman aiki, kuma a cikinsu ne ƙungiyar Tinariwen ta taso wajen 1979. Waƙoƙinsu na kewar gida ne da kiran a farka, ana kwafarsu daga kaset zuwa kaset, babu kamfani babu shago. Da tawayen 1990 ya ɓarke, waɗannan kaset-kaset suka zama kamar rediyon 'yan tawaye, Abdallah Oumbadougou kuma shi ne muryar ɓangaren Nijar. Bayan sulhun 1995 jitar ta sauko daga duwatsu ta shiga gari, ta zama kiɗan biki da suna. Wannan gādon Mdou ya tarar. Shi ma ya yi nasa ci-ranin a Libiya kafin ya dawo ya rungumi jita da gaske.

Me ya kawo shi Sakkwato? Duk wanda ya san taswirar yankin ba zai yi mamaki ba. Daga Tawa in ka biyo ta Ƙonni ka shigo Illela, Sakkwato ta fi maka Yamai kusa nesa ba kusa ba, kuma Hausa ita ce harshen ciniki tun daga Illela har kasuwar Agadas. Sa'an nan a waɗannan shekaru waƙoƙin fim ɗin Hausa sun mamaye wayoyi da rediyoyin Nijar. Tun ƙarshen shekarun 1990 situdiyoyin Kano suka gano cewa fiyano ƙirar Yamaha guda ɗaya za ta iya fitar da sautin ganga da sarewa da goge, kuma kafin a jima irin waɗannan situdiyoyi suka bazu a manyan garuruwan Arewa. Galibinsu ɗaki ɗaya ne: an manna soso ko kafet a bango, ga kwamfuta, ga fiyano, ga makirfo guda a wani ɗan lungu, janareta na ruri a waje. Mai haɗa kiɗa zai saurari karin waƙarka, ya danna ya samo bugun da ya dace, ya ce ka shiga ka rera. In ka gama sai ya bi muryar da Auto-Tune, manhajar da aka ƙirƙira don gyara ɗan kaucewar murya, wadda mu muka murɗa ta har ƙarshe don muna son yadda take sa murya ta yi santsi tana karkarwa.

Faifan da ya fito daga wannan zama shi ne Anar. Waƙoƙin soyayya ne cikin harshen Tamashek, jita a hankali, bugun inji a ƙasa, murya kuma ta sha Auto-Tune irin na waƙoƙin nanaye. Bahaushen da ya saurare shi yau zai ji kamar ya san waƙar, sai dai ba ya jin kalmomin. A wurin Abzinawa kuwa sabon abu ne fil, domin jitarsu ba ta saba da wannan kwalliya ba. Ina ganin wanda ya zauna gaban kwamfuta a Sakkwato ya haɗa wannan sauti ya cancanci a riƙa tunawa da shi duk lokacin da ake ba da tarihin ƙungiyar. Turawan da ke rubutu a kan Mdou sukan ambaci Sakkwato a jimla ɗaya su wuce, alhali kuwa wannan kwalliyar ce ta bambanta shi da ɗimbin samarin da ke kaɗa jita iri ɗaya a lokacin.

Ba a buga Anar an kai kasuwa ba. Waya ce ta ɗauke shi. Wannan ya tura wa wannan ta Bluetooth, direba ya ba fasinja, ɗan ci-rani ya tafi da shi a memori, har waƙoƙin suka ratsa Nijar suka shiga Mali. Mu nan ba sai an yi mana dogon bayani a kan wannan hanya ba. Je ka kasuwar Kurfi ko bakin tasha a Dutsin-Ma ka tsaya wurin mai cajin waya: ga allon soket cike da caja, ga tsohuwar kwamfuta a kan tebur, yaro ya miƙo memori ya ce a zuba masa sababbi, mai turi ya buɗe jaka ya kwaso waƙa ɗari ko fiye, wasu da sunan mawaƙi wasu lamba kawai. Ko a watan Satumba na 2021, sa'ad da aka rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina saboda 'yan bindiga, har da Kurfi da Dutsin-Ma, kira ne ya tsaya, turin waƙa daga hannu zuwa hannu bai tsaya ba, tunda ba ya bukatar sabis. Alherin wannan hanya shi ne babu mai tsaron ƙofa: waƙa in ta yi daɗi za ta yi tafiya. Sharrinta kuwa shi ne takan bar mai ita a baya, babu suna babu ko sisi.

Haka ta faru da Mdou. Wani Ba'amurke ɗan garin Portland, Christopher Kirkley, yana zaune a Kidal ta arewacin Mali wajen 2010 yana tattara waƙoƙi daga wayoyin mutane, sai ya yi ta cin karo da wata waƙa mai suna Tahoultine, wadda babu wani bayani a jikinta sai guntun sunan mai ita. Ya sa ta cikin tarin da ya kira Music from Saharan Cellphones, wanda kamfaninsa na Sahel Sounds ya buga a faifan garmaho a 2011. Abin da ya sa nake ganin girman wannan mutum shi ne bai tsaya nan ba, ya shiga cigiyar masu waƙoƙin don ya ba su rabonsu. Da ya samu lambar Mdou ya kira shi, Mdou ya ɗauka wani ɗan'uwansa ne ke yi masa tsiya, ya kashe wayar. Daga baya Kirkley ya zo Nijar da kansa, kuma cikin abin da ya kawo masa har da jitar lantarki ta bahago. Shi dai kamfanin Sahel Sounds ne ya fitar da Harafin So a 2013, tarin waƙoƙin fim ɗin Hausa, ya kuma sake buga Anar a 2014, shekara shida bayan ɗaukarsa.

Amma duk wannan labarin mutum ɗaya ne. Ƙungiyar ita a filin bikin Agadas ta girma, kuma nan ne zuciyar wannan babi. Bikin Agadas a waje ake yinsa. Akan shimfiɗa tabarmi ko darduma a fili, a tada janareta, a jona 'yan ƙananan lasifikoki waɗanda tuni ƙura da zafi suka sa muryarsu ta dushe. Mata su zauna gefe cikin ado, samari da rawunansu su yi da'ira, wasu a kan babura. Mai jita yana tsaye, na biyu yana riƙe masa bugun, mai ganguna yana zaune a baya. In kiɗa ya kankama sai a riƙa fitowa rawa ana liƙi, ƙura ta tashi, kuma makaɗin yana kallon ƙafafun masu rawa: in sun yi sanyi ya ƙara wuta, in sun ɗauka ya riƙe su a nan har sai sun gaji. Babu wanda zai tafa maka don ladabi. Garin kuma cike yake da abokan gasa. Akwai Bombino, akwai Group Inerane, akwai Etran de L'Aïr, 'yan'uwan juna da ke kiɗan biki tun 1995. Wanda kiɗansa ya fi tada jama'a shi za a kira a bikin gaba. Gudun da Turawa ke ji su ce pank ne daga wannan gasa ya fito. Bugun takamba ne na gargajiya aka yi ta ƙara masa sauri, biki bayan biki, har ya koma abin da yake a yau.

A cikin wannan fage ne Ahmoudou Madassane ya zama na hannun daman Mdou. Aikinsa a ƙungiyar ba mai ɗaukar ido ba ne: shi ke riƙe da jita ta biyu, yana maimaita bugu ɗaya ba gajiya, don jagoran ya sami ƙasar da zai taka ya yi sama. Duk wanda ya san aikin 'yan kalangun Shata ya san darajar irin wannan mutum. Shi kuwa Mdou ba ya amfani da ɗan robar da masu jita ke kaɗa tsirkiya da shi. Da yatsu yake yi, manuniyarsa ta hagu tana kai da komo da sauri har ido ba ya iya binta, yatsun dama kuma suna dukan wuyan jitar suna sakewa, sautin ya riƙa zubowa babu yankewa. Sai da ya girma a sana'ar ne aka nuna masa bidiyon gwanin jita Eddie Van Halen, ya ga wata dabara ta buga tsirkiya da hannu biyu a kan wuya, ya ɗauka ya sarrafa ta yadda ta dace da nasa. Faifan Afelan na 2013, wanda aka ɗauka kai tsaye a Tchintabaraden, shi ne ya fara nuna wa na nesa wannan fuska: lasifika na kururuwa, ana jin hayaniyar mutane a ciki. A 2015 kuma aka fitar da fim ɗin Akounak Tedalat Taha Tazoughai, wanda Kirkley ya shirya a Agadas bisa tsarin Purple Rain na mawaƙi Prince, Mdou ya fito a matsayin baƙon makaɗi da ke fama da uba mai ƙin jita da kuma abokan hamayya. Labarin bai yi nisa da rayuwarsa ba.

Haɗuwar ƙungiyar da pank na ainihi ta zo ne ta hannun Mikey Coltun, wanda ya taso cikin masu wannan kiɗa a yankin Washington, ya kuma taɓa kiɗa da makaɗan Mali. Ya shigo ne lokacin da suka fara zagayen Amurka wajen 2017, ya zama mai jitar bes, daga baya ya zama mai haɗa musu sauti. In za su yi atisaye sai ya taso daga New York a jirgi, ya sauka Yamai, sa'an nan ya hau bas ya yi fiye da kwana guda a hanya kafin ya isa Agadas. Ya sha faɗa a hirarraki cewa abin da ya gani a bukukuwan can ya tuna masa da inda ya fito: ka ɗauko kayanka da kanka, ka jona, ka yi kiɗa a tsakiyar mutane babu dandamali. Wannan shaida ta fi mini duk wani sharhin mujalla nauyi, domin ta wanda ya zauna a gidajen biyu ce. Shi Mdou bai taɓa cewa pank yake yi ba, kullum cewa yake kiɗan mutanensa ne. Ni ma a ganina sunan daga waje aka liƙa masa. Abin da ya yi daidai shi ne hanyar: samarin Washington sun zaɓi dogaro da kai don sun ƙi kamfanoni, na Agadas kuwa sun same shi ne don babu kamfanin da za su ƙi.

Daga nan abubuwa suka yi sauri. A 2019 suka fitar da Ilana: The Creator, faifansu na farko a matsayin cikakkiyar ƙungiya a situdiyo, wanda aka ɗauka a Detroit. Souleymane Ibrahim ya karɓi ganguna, kuma shi ne ya ƙara wa bugun nauyin da ake ji a Afrique Victime, wanda kamfanin Matador ya fitar a watan Mayu na 2021. Har wani bugu na musamman aka yi na wannan faifai a cikin wayar Nokia, don tunawa da hanyar da waƙoƙin farko suka bi. A watan Mayu na 2024 Funeral for Justice ya fito, a shekarar kuma suka hau dandamalin bikin Coachella a California. Kalmomin ma sun ƙara zafi tare da kiɗan. Yaron da ya taso a Arlit ya ga yadda ake kwashe yuraniyom ana haska biranen Faransa da shi, alhali yawancin ƙauyukan Nijar babu lantarki, kuma bai ɓoye wannan a waƙa ko a hira ba. Yana waƙa a kan halin da mata ke ciki, da kuma tsoron kada harshen Tamashek ya ɓace a bakin yara. Wani ɓangare na abin da yake samu yana zuwa wajen haƙa rijiyoyi a ƙauyuka. Mutanen da suka guje shi da fari saboda jita sun ga cewa sana'ar ba ta raba shi da sallarsa ko mutuncinsa ba.

Tambayar da ta dame ni tun da na fara bin wannan labari ita ce: me ya sa irin wannan ƙungiya ba ta fito daga Birchi ko Kurfi ko Dutsin-Ma ba? Ba a rasa gwanaye ba. Jihar da ta haifi Shata da Barmani Choge ta Funtuwa ba za a ce mata ba ta san ƙungiyar kiɗa ba, domin abin da Shata ke yawo da shi ƙungiya ce cikakkiya, makaɗa da 'yan amshi waɗanda suka shekara da shekaru tare har kowa ya san numfashin ɗan'uwansa. Ba a kuma rasa matasa ba, tunda Jami'ar Tarayya da aka kafa a Dutsin-Ma a 2011 da Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita suna tara dubbansu. Abin da ya faru, a fahimtata, shi ne situdiyon da ya buɗe wa Mdou ƙofa shi ne mu ya rufe mana wata. Fiyano ta yi mana alheri babba: ta ba yaron da ba ɗan gidan makaɗa ba damar ya yi waƙa ba tare da an ce ya zama maroƙi ba. Amma ta mayar da aikin mutum goma na mutum ɗaya. Mai biki ya lissafa ya ga ɗauko DJ da lasifika ya fi masa sauƙi a kan ciyar da ayarin makaɗa. Mawaƙin da aka gayyato ma sau da yawa waƙarsa ake sakawa yana bi da baki. Kalangu da gurmi da kukuma suna nan, ana jinsu a fagen dambe da kokawa da wajen mahauta, sai dai masu su da samarin da ke rubuta sababbin waƙoƙi ba sa haɗuwa a inuwa ɗaya.

Mdou ya ɗanɗana irin wannan situdiyo ya koma fili. Mu muka shiga muka zauna. Ƙungiya kuwa tana bukatar wurin da za ta yi ta kuskure a gaban mutane har ta gyaru, kuma a biya ta ko yaya ne don ta dawo gobe. Dubi Tal National ta Yamai, wadda Hamadal Issoufou Moumine, da aka fi sani da Almeida, ya kafa a 2000, mutumin da ya yi aikin alƙalanci. Suna waƙa da Hausa da Zabarmanci da Fillanci da Tamashek, kuma an san su da yin kiɗa na awanni a jere kusan kowane dare a mako. Da kamfanin FatCat na Ingila ya fitar da faifansu Kaani a 2013, ƙwarewar da aka ji a ciki ta waɗannan darare ce. A yankinmu kuwa, ban da matsalar kuɗi, dare kansa ya zama abin tsoro. Ƙauyukan da ke tsakanin Kurfi da Safana da Batsari sun shafe shekaru ana gaggauta biki a watse tun da sauran rana. Wannan asara ce da ba a lissafa ta cikin asarar rashin tsaro, amma asara ce ta gaske, kuma yaran da suka taso a cikinta ba su san abin da aka hana su ba.

Ita ma ƙungiyar Mdou ba ta tsira daga rikicin yankin ba. Ranar 26 ga Yuli, 2023, sojoji suka kifar da gwamnatin Mohamed Bazoum a Yamai, aka rufe iyakoki da sararin samaniya. Mu a nan mun ji abin a jikinmu, domin takunkumin ECOWAS ya tsayar da zirga-zirga a Jibiya da Illela, hanyar da ta kawo saurayin nan Sakkwato shekara 15 kafin nan ta toshe, Najeriya ba ta buɗe nata ɓangaren ba sai a watan Maris na 2024. Juyin mulkin ya rutsa da Mdou da Ahmoudou da Souleymane suna tsakiyar zagaye a Amurka, babu halin komawa gida, iyalansu na can. Masoyansu suka haɗa musu gudummawa ta intanet don su sami wurin zama da abinci.

A cikin wannan zaman jira suka shiga wani situdiyo a Brooklyn suka sake kaɗa waƙoƙin Funeral for Justice, wanda a lokacin bai riga ya fito ba, wannan karon da jitar katako da kayan kiɗa marasa lantarki, suna zaune wuri ɗaya. Da hanya ta buɗe suka tashi komawa, Coltun ya ba Ahmoudou 'yar na'urar ɗaukar sauti ya tafi da ita Nijar, ya tara mutane suka yi amshi, aka turo aka haɗa da abin da aka ɗauka a Amurka. Faifan ya fito a watan Fabrairu na 2025 da sunan Tears of Injustice.